Neman Fitowa ta Sha Tara

A Daura yanzu, in ka ambaci Ɗantsoho mai zane, sai wanda ya ba arba'in baya ne zai ɗaga kai ya ce, "Na Bakin Tasha? Ashe yana nan da rai?"

Yana nan. Gidansa na ƙasa ne, a wani lungu da bai da nisa da tasha, ɗaki biyu da zaure da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Shi kaɗai yake ciki tun da matarsa Maijidda ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarsu guda ɗaya, Madina, tana aure a Kaduna, takan kira shi ranar Juma'a ta tambaye shi ko yana cin abinci.

Asalin sana'arsa rubuta allon shaguna ne da yi wa motoci ado. Shi ke zana zaki ko ɗawisu a jikin akori-kura, ya rubuta wa direba kirarin da yake so a bayan mota. Ta wannan aikin ya haɗu da Damian, wani Ibo da ya zo Daura tun yana saurayi, ya buɗe shagon kayan gyaran mota da babur a bakin tasha. Hausa ta zauna a bakin Damian har karin magana yake jefa wa bakanikai in sun matsa masa da ciniki.

Wata rana a shekarar 1996 Damian ya kira shi ya sabunta masa allon shago. Suna jiran fentin farko ya bushe, sai Ɗantsoho ya jawo wani yagaggen kwalin fulogi, ya zaro biro, ya zana Damian yana musu da wani bakanike: ga tumbi, ga tabarau a kan karan hanci, ga hannu ɗaya a sama yana rantsuwa, ɗayan kuma yana ɓoye fulogin jabu a bayansa. Damian ya karɓa ya duba. Dariya ta kama shi har sai da ya zauna a kan taya. Da ta lafa, ya shiga ciki ya fito da wasu mujallu na kudu, duk zane ne daga farko har ƙarshe, mutane na magana a cikin 'yan da'irori.

"Malam Ɗantsoho, ka ga waɗannan? A wajenmu manya ke sayensu. Direbobi, 'yan kasuwa, ma'aikatan ofis. Me zai hana a yi da Hausa?"

"Wa zai saya? Mutanenmu zane wasan yara suka ɗauke shi."

"Mutanenku ba abin da suke so kamar a yi wa maƙwabcinsu habaici su ji. Kai dai ka zana. Ina da ɗan'uwa mai injin buga takardu a Sabon Gari a Kano."

Haka aka haifi Bakin Tasha. Shafi goma sha shida ce, bangonta ja da baƙi, tana fita wata-wata. A kusurwar bangon ta sama Damian ya sa aka rubuta da manyan baƙaƙe: BA TA YARA BA CE. Daga baya yakan ce wannan layin ya fi kowane dillali sayar musu da ita.

Ba tsiraici ake zanawa ba, Ɗantsoho bai taɓa yarda da wannan ba. Maganar manya ce kawai, irin wadda ake yi in yara sun fita: mai maganin ƙarfin maza da matarsa ta yi yaji, ɗan siyasar da ke tuna hanyar ƙauye sai zaɓe ya ƙarato, alhajin da ke rina gemu ya tafi zawarci. A tsakiyarsu duka akwai Yelwa mai tuwo, bazawara ce ƙatuwa mai wushirya, da rumfarta a tasha da muciya a hannu. Ba wanda ya taɓa ja da ita ya sha. Wani direba ya ce yana sonta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Direba, motar da ba ta tashi sai an tura, ba a yi mata lodin tafiyar dare." Wani kansila ya zo cin tuwo, ta ce, "Ranka ya daɗe, kun ce za ku kawo mana ruwa, ga shi kun cika alkawari. Damina ta sauka."

Kowa ya ɗauka Ɗantsoho ne ke ƙago waɗannan. In ya ratsa tasha sai 'yan kamasho su riƙa kiransa mijin Yelwa. Shi kuwa mutum ne mai nauyin baki, in ya zauna a majalisa sai a manta yana wurin. Bakin Yelwa na Maijidda ne. Da rana in ya baje takardunsa a kan tabarma a gindin darbejiya, ita tana gefe tana tsince shinkafa ko tana yi wa Madina kitso, sai ya ce, "Ga direba ya zo ya ce kaza. Me Yelwa za ta ce?" Ba ta ko tsayawa tunani, sai ta faɗa, ya rubuta, kansa na ƙasa. Wani lokaci ma ba ya tambaya. Tana hirarta ne kawai, in ya ji wadda ta yi masa sai ya ɗauke. Ta hana shi gaya wa kowa. Ta ce in 'yan'uwanta na Sandamu suka ji ita ce ke wannan ɓaram-ɓaramar, ba za ta ƙara iya shiga gidan biki ba. Damian kaɗai ya sani, shi ma ganewa ya yi da kansa ranar da ta yi masa tsiya a kan tuƙin babur ɗinsa.

Kafin shekara biyu, mujallar ta karɓu fiye da yadda Ɗantsoho da Damian suka zata. Ranar da ta iso daga Kano, kafin a kwance ɗaurin a shagon Damian mutane sun taru. Direbobi na ɗauka su kai Mashi da Mai'adua da Babban Mutum, wasu su tsallaka da ita har Damagaram. A teburin mai shayi, wanda ya iya boko yana karantawa da ƙarfi, sauran suna leƙen zanen ta kafaɗarsa. Mata kuma sukan aika a sayo musu a ɓoye, ta zaga gida biyar kafin ta yage. Wani malami ya yi wa'azi a kanta sati biyu a jere, fitowa ta gaba ta ƙare kafin azahar.

Sau ɗaya tak suka yi faɗa da Maijidda a kan mujallar, a fitowa ta goma sha tara. Labarin na buƙatar ƙanwar Yelwa, wata Haulatu, da ta zo kawo ƙarar mijinta. Ɗantsoho ya rasa fuskar da zai ba ta, ya ɗaga kai ya ga matarsa tana kallon gefe, ya zana ta. Matan unguwa suka gane. Sati guda Maijidda ba ta yi masa magana ba sai ta abinci. Mace ce da ba ta son hoto, ko a biki in mai hoto ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. Da fari kaset ɗin bidiyo ne suka cika gari, aka buɗe gidajen kallo, mutumin da a da zai sayi mujalla sai ya gwammace ya zauna a benci ya kalli masu motsi da magana. Takarda ta yi tsada. Suka koma fitar da ita bayan wata biyu, suka rage shafi, suka cire jan launi. Sannan waya ta zo, kuma abin da ya ci Doma bai bar Awai ba, don masu kaset ɗin ma ba su daɗe ba suka bi sahu. Ɗaurin da a da ba ya kwana sai ya yi wata a ƙarƙashin kantar Damian, ƙura na hawa. A shekarar 2008 ɗan'uwan Damian ya sayar da injinsa. Ba su yi shawarar dainawa ba. Sun dai ce sai an samu wani mai bugawa, kuma ba wanda ya tashi nema.

Bayan shekara biyar Damian ya tattara ya koma garinsu, hawan jini ya matsa masa, 'ya'yansa kuma sun dage. Ranar tafiyar Ɗantsoho ya taya shi ɗaure kaya a kan mota. Matar Damian, Nkechi, ta rungume Maijidda suna kuka. Mazan biyu suka yi musabiha, suka daɗe ba su saki hannu ba, kowa na kallon wani wuri. Shagon ya koma na mai cajin waya. Aikin allo ma ya ja baya, don yanzu kwamfuta ke bugawa a jikin leda a cikin awa guda. Sai jefi-jefi wani tsohon direba ya kawo masa mota, ko a kira shi ya rubuta sunan makarantar Islamiyya a bango.

Duk fitowar Bakin Tasha, tun daga ta ɗaya, Ɗantsoho ya adana kwafi guda a wata adakar katako a ɗakin Maijidda. Tun rasuwarta bai buɗe ba, ɗakin ma sai ya yi wata bai leƙa ba. A daminar bana ne, bayan wani ruwa da aka wuni ana yi, ya shiga duba ko rufin na yoyo. Ya ga jar ƙasa ta hau jikin adakar kamar jijiya. Ya ɗaga murfin. Gara ta gama aikinta tuntuni. Ya zura hannu, abin da ya damƙo ƙasa ce mai laima da 'yan guntayen takarda kamar ƙaiƙayi. A wani guntu ya ga rabin muciyar Yelwa.

Bai yi kuka ba. Ya fitar da adakar rana, ya share ɗakin, ya yi alwala ya tafi masallaci. Sai bayan kwana biyu abin ya taso masa, kuma ta inda bai zata ba. Ya zauna a gindin darbejiya da fensir, ya ce bari ya sake zana Maijidda yadda take a fitowa ta sha tara. Ya ja layin goshi, ya ja na kunci, sai ya ga Yelwa ce ke fitowa. Ya goge. Ya sake, Madina ta fito. Ya rufe ido ya neme ta, yana jin muryarta sarai, yana ganin hannunta a cikin faranti, amma fuskar ta ƙi tsayawa. Hotonta da ke wayar Madina na lokacin jinya ne, ta rame, idanu sun faɗa, ba ya son kallonsa. Na katin zaɓe kuwa duhu ne kawai da mayafi. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗauke fuskar baƙo da kallo ɗaya, ga shi ya kasa ta matar da ya zauna da ita shekara talatin da ɗaya.

Ya fara tambaya a cikin gari. Tsofaffin direbobi suka yi dariya, suka tuno masa maganganun Yelwa, amma ba mai ko shafi ɗaya. Sai ya hau mota zuwa Sandamu wurin Yazid, wanda a da shi ne dillalinsu a can. Ya same shi ya yi furfura, yana sayar da takin zamani da maganin feshi.

"Malam, ai da ka zo shekara goma baya," in ji Yazid. "Buhu guda na ajiye. Da muka tashi daga tsohon shago na ba masu ƙosai, suka ƙulle wa mutane a ciki."

Ɗantsoho ya gyaɗa kai, ya fara neman takalminsa.

"Tsaya. Akwai wata mata a Babban Mutum, Hajiya Murjanatu, unguwar zoma ce. Duk wata sai ta aiko direba ya karɓar mata a wurina, don ta ce na garinsu yana ƙarewa kafin ta samu. Ko ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba. In tana raye, ka gwada ta."

Ranar kasuwar garin ya tafi, don ranar ce mota ba ta wuya. Suka bi ta Zango suka miƙa Baure. Gero ya yi tsayi har ya rufe bukkokin gona, ko'ina kore shar. A kusa da shi wani magidanci yana kallon wani abu a waya yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai, abin ji a toshe a kunnensa. Ɗantsoho ya tuna yadda a irin wannan motar mutum ɗaya zai karanta, mota duka ta ɗauka, har direba ya ce a maimaita masa. Ya juya ya ci gaba da kallon gonaki.

Gidan bai yi wuyar samu ba, don rabin garin a hannunta aka haife su. Ya yi sallama a zaure. Wata murya daga ciki ta ce, "Shigo, ni na wuce a yi mini kulle."

Tsohuwa ce 'yar siririya, tana zaune a kan tabarma a inuwar rumfa tana ɓarar gyaɗa da lalube. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya gaba ɗaya, ɗayan ma ta fara ci. Suka gaisa, ta tambayi hanya da ruwa. Ya ce daga Daura yake, sunansa Ɗantsoho, shi ne yake zana Bakin Tasha a da.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta juyo da idon mai sauran gani ta ƙura masa.

"Kai ne? Na ɗauka za ka fi haka jiki." Ta yi 'yar dariya. "Matso nan, Malam. Na shekara ashirin da wani abu ina son in yi maka tambaya guda. Wace ce take ba ka maganar Yelwa?"

Kafin ya amsa, ta riga shi.

"Kar ka ce kai ne. Zanen naka ne, na yarda. Amma namiji bai san waɗannan maganganun ba. Ni na shiga ɗakunan mata fiye da dubu, na san abin da suke faɗa in an rufe ƙofa."

"Matata ce, Hajiya. Maijidda. Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ai na sani." Ta share hannu a zaninta. "A ajin yaƙi da jahilci na koyi boko, ina da 'ya'ya huɗu. Littattafan da suke ba mu duk na tsaftar gida ne da renon kaji. Da mujallarku na iya karatu sosai, don ina son in san me matar nan za ta ce."

Ya gaya mata abin da gara ta yi, da abin da ya kawo shi. Ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki, ya ji tana jan wani abu. Ta ce ya zo ya ɗauka, ya fi ƙarfinta. Wata babbar kwalla ce mai murfi, irin ta jere. A ciki mujallun ne a naɗe cikin leda, ta barbaɗa busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu. Takardun sun yi ja, gefensu ya lanƙwashe saboda yawan hannu, wasu an ɗinke bayansu da zare. Amma suna nan, a jere, tun daga ta ɗaya.

Ya ƙirga zuwa ta sha tara. Ya buɗe shafi na tara, inda ya san take.

Zanen bai fi babban yatsa ba. A zuciyarsa duk shekarun nan ya ɗauka rabin shafi ne. Wata mata ce da ɗankwali tana kallon gefe, layi biyar ko shida, aikin gaggawa na mai son ya gama kafin motar Kano ta tashi. Tawadar ta baje a wajen hanci. Ya kai ta haske, ya nisanta ta, ya matso da ita. Ya ga abin da matan unguwa suka gane, yadda take karkata wuya ne. Ban da wannan, kowace mace ce.

"Ka same ta?" in ji Murjanatu.

"Na samu."

"Haulatu ce ko? Ƙanwar Yelwa. Na san wurin." Ta ɗaga kai sama, ta faɗa daga ka, a hankali: "Yaya, ni ban ce ya zauna a gida ba. Cewa na yi, in yana gidan, ya kasance yana nan."

Ɗantsoho ya duba 'yar da'irar da ke saman zanen. Haka aka rubuta, da hannunsa, ba ta bar ko harafi ba.

"A ƙasa ka sa Yelwa ta ba ta amsar ban dariya, mutane suka yi ta dariya," in ji tsohuwar. "Ni ban yi ba. Na ce wannan ba wasa ba ne. Wadda ta faɗi wannan da mijinta take."

Sai ranar ta dawo masa. Bazara ce, ana zafi. Yana kan tabarma yana cika gashin wani da baƙar tawada, Maijidda na gefe ta daɗe tana magana, wani abu game da mahaifiyarta da ba ta da lafiya a Sandamu, yana cewa "uhm, uhm." Sai ta yi shiru, sannan ta faɗi wannan. Ya ce, "Maimaita, ta yi daɗi," ya jawo takarda ya rubuta. Ta maimaita masa. A nan ne ya ɗaga kai ya ga tana kallon gefe, ya zana. Duk shekarun nan ya ɗauka fushin satin nan na zanen ne.

Ya daɗe zaune da mujallar a cinya. Murjanatu ta koma kan gyaɗarta. Hayaniyar kasuwa na zuwa daga nesa, da kukan awaki.

"Ɗauke ta ka tafi da ita," ta ce daga baya. "Taka ce."

"A'a, Hajiya. A wurinki ta tsira. Ni na riƙe nawa na ba gara."

"To in ba za ka ɗauka ba, ka yi mini wani abu. Shekara huɗu rabon da in ga rubutu. Jikokina in na ce su karanta mini, sai su ce kunya suke ji, ko kuma suna sauri. Karanta mini ko guda biyu."

Ya fara daga ta ɗaya. Muryarsa ba ta karatu ba ce, yana yi yana tsayawa, yana bayyana mata abin da ke cikin zanen duk da ta san shi. In ya zo kan maganar Yelwa sai ta riga shi, ta faɗa da irin karyar muryar da ya kamata, ta yi dariya har tana share idon da ba ya gani. Wasu wuraren shi ma ya manta da su, ya ji su sababbi. Sun kai ta huɗu aka kira la'asar. Ta sa aka ɗaure masa gyaɗa a leda, ta ce ya dawo su ci gaba.

Washegari da hantsi ya kira lambar Damian. Rabon da su yi magana tun kafin azumi. Nkechi ce ta ɗauka, Hausarta ta fara tsatsa amma tana nan.

"Baban Madina, ina kwana. Yana nan zaune. Ka san tun da ɓarin jikin nan ya shanye, magana ba ta fita sosai. Amma yana ji. Bari in sa masa a kunne."

Ɗantsoho ya ba shi labari tun daga gara har kwalla. Bai faɗi zancen Haulatu ba. Ya ce dai akwai wata tsohuwa a bakin iyaka da ke da su duka, har ta haddace. Ya ji numfashi mai nauyi, sannan wani sauti da ya ɗauka tari ne, daga baya ya gane dariya ce. Damian ya yi wata magana doguwa wadda bai kama ko kalma ɗaya ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce har da ta bakwai, wadda aka buga bangonta a juye?"

"Ki ce masa har da ita."

Ta faɗa masa da yarensu. Aka sake wannan sautin. Sannan ta ce ya gaji, za ta kwantar da shi, a gaida Madina.

Sau uku Ɗantsoho ya koma Babban Mutum, duk ranar kasuwa. Yakan tafi da goro da ɗan sukari. Sun kai fitowa ta ashirin da shida. Ta sha tara da suka zo kanta, ta ce ya tsallake, ta san ta, bai yi musu ba. A tsakanin karatu takan tambaye shi Maijidda: 'yar wace unguwa ce, me take dafawa, da wa take kama. Ya ga yana faɗin abubuwan da bai taɓa gaya wa ko Madina ba, kuma yana faɗa suna ƙara zuwa.

Komawarsa ta huɗu bayan an yanke gero ne, an jingine dammunan a ƙofar gidaje. Ya tarar da kwaɗo a ƙofar zauren. Wata maƙwabciya da ke sussuka ta ce 'yar Hajiya da ke aure a Damagaram ta zo ta tafi da ita, za a yi mata aikin ido, kuma da wuya ta dawo, don an kwashe kayanta kaf.

"Har da wata babbar kwalla?"

"Ita ta fara sawa a mota. A cinya ma ta riƙe ta."

"Ba ta bar saƙo ba?"

Matar ta yi tunani. "Ta ce in mai karatu ya zo a ce ta gode, a ba shi haƙuri abin ya zo da gaggawa. Kai ne?"

Ya ce shi ne. Ya ba ta goron da sukarin. Ba ta da lambar 'yar, ta ce sai dai in ɗan Hajiya ya zo daga Legas da sallah.

Rana ba ta yi ba tukuna, motar Daura kuma ba ta tashi sai kasuwa ta fara watsewa. Ya zaga layin masu dabbobi, ya tsaya ya kalli cinikin wani bijimi har aka sallama. Ya sayi fura ya sha a tsaye. Daga nan ya je tasha ya shiga motar tun ba kowa a ciki, ya zauna a kujerar baya kusa da taga, yana jiran ta cika.